Yaron Sabo da takardar asali: tarihin shaidar da ke buɗe ƙofar tallafin karatu

'Yan uwa mazauna Kudu, duk shekara idan lokacin cike fom ɗin jami'a ko na tallafin karatu ya zagayo, tambaya guda ce ke tsayar da 'ya'yanmu: ina takardar asalinka? Yaron da aka haifa a Sabo ta Ibadan ko a Agege, ya yi firamare da sakandare a nan, yana jin Yarbanci kamar yadda jakin Kano ke jin Hausa, sai a ce ya tafi garin kakansa ya karɓo shaida. Idan ya je can, mai unguwa ya dube shi sama da ƙasa ya ce bai san shi ba. A nan baƙo, a can baƙo, an yi biyu babu.

Wannan hali yana da tarihi, kuma sanin tarihin zai nuna mana inda gizo ke saƙa. Nijeriya ta gina tallafin karatu a kan ƙauyen da kakan yaro ya fito, ba a kan garin da yaron ya tashi ba. Duk wanda iyayensa suka bar gida don neman abinci, takarda ce kaɗai ke haɗa shi da haƙƙinsa.

Lokacin da rasit ɗin haraji ya wadatar

Kakanninmu sun san hanyar Kurmi tun kafin zuwan Turawa, saboda fataucin goro da shanu da kanwa da fata. Amma jirgin ƙasa ne ya mayar da zuwa da komawa ya zama zama. Layin dogo daga Legas ya iso Ibadan a 1901, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911. Daga nan shanu suka riƙa gangarowa a tarago, goro yana haurawa, zangon fatake a Agege da Shagamu da Abekuta da Ibadan ya koma unguwa mai sarki da limami da mahauta.

Turawan mulki ba su so baƙi su cakuɗa da 'yan gari. A Kano sun keɓe Sabon Gari wajen 1913 domin mutanen Kudu, a Ibadan kuma aka keɓe Sabo a 1916 domin Hausawa. A tsarinsu kowane mutum yana da En'e da yake ƙarƙashinta, wadda ke karɓar harajinsa, take yi masa shari'a. Wanda ya bar ƙasar En'ensa sunansa baƙo, ko da ya shekara 40 a inda yake, kuma ta hannun sarkin baƙi ake magana da shi. Asalin kalmomin nan biyu ke nan da suka dame mu yau, wato ɗan ƙasa da baƙo.

A wancan zamani wannan rabo bai taɓa karatun yara sosai ba. Takardar da magidanci ke adanawa a aljihu ita ce rasit ɗin haraji. Yaro kuwa yana makarantar allo, idan ya tasa ya bi maigida kara ko rumfar goro. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kansu a 1969, ya nuna yadda rayuwar unguwar ta rataya a kan masu gida da dillalai da amana, ba a kan takardar makaranta ba. Mutumin da aka amince masa da garken shanu a kan bashi ba ya buƙatar satifiket.

Daga ɗan Arewa zuwa ɗan ƙaramar hukuma

Al'amarin ya fara sauyawa a 1954, lokacin da Nijeriya ta zama tarayya mai jihohi uku, kowacce da gwamnatinta da ma'aikatanta da kuɗin karatunta. Jihar Yamma ƙarƙashin Obafemi Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a Janairun 1955, Jihar Gabas ta biyo baya a 1957. A Arewa, gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, domin ta ga an yi mata nisa a boko. Kowace jiha ta riƙa ba 'ya'yanta sukolashif. Daga nan asalin mutum ya zama abin da ke da farashi.

Duk da haka inuwar tana da faɗi. Ko kakanka daga Katsina ya fito ko daga Haɗeja, kai ɗan Arewa ne, magana ta ƙare. Ƙirƙirar jihohi ce ta riƙa tsuke inuwar. Janar Gowon ya yi jihohi 12 a 1967, Janar Murtala ya mayar da su 19 a 1976, Janar Babangida ya kai su 21 a 1987 sannan 30 a 1991, Janar Abacha ya cike 36 a 1996. Ƙananan hukumomi kuma suka tsaya a 774.

A duba abin da wannan ya yi wa gida guda. Dattijon da ya baro Gusau a zamanin Sardauna ya baro ta ne tana Jihar Arewa. A 1967 ta koma Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ta zama Jihar Sakkwato, a 1996 ta zama Zamfara. Wanda ya baro Haɗeja ya kwana ɗan Kano ya tashi ɗan Jigawa a 1991. Bakatsine ya ratsa Jihar Arewa ta Tsakiya da Jihar Kaduna kafin a ba shi tasa a 1987. Mazauna gida sun bi waɗannan sauye-sauye da idonsu, sun san sabuwar sakatariya da sabon hakimi. Jikan da ke Mile 12 ko Idi-Araba kuwa abin da ya riƙe shi ne sunan garin da ya ji a bakin kakarsa, wani lokaci ma garin ya rabu gida biyu tsakanin ƙananan hukumomi.

Tsarin mulkin 1979 da haihuwar takardar indijin

Bayan yaƙin basasa, babban tsoron shugabanni shi ne kada wani yanki ya mamaye gwamnati. Shi ya sa tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba daidai, wato kowace jiha ta samu kasonta a muƙamai da ma'aikatu. Niyyar mai kyau ce, kuma gaskiya Arewa na cikin waɗanda suka fi cin moriyarta. Sai dai dole a fayyace wane ne ɗan jiha. Amsar da aka bayar, wadda tsarin mulkin 1999 ya maimaita a sashe na 318, ita ce: mutumin da ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Ba a ambaci wurin haihuwa ba, ba a ambaci shekarun zama ba, ba a ambaci biyan haraji ba. Jini kawai.

Abin mamaki, tsarin mulkin nan guda ya ce a sashe na 15 gwamnati ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina, a sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda wurin asali. Hannun dama ya bayar, na hagu ya karɓe. Sannan bai tsara yadda za a tabbatar da asalin ba. Aikin ya faɗa hannun ƙananan hukumomi, su kuma suka jingina da masu sarauta: mai unguwa ya shaida, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, shugaban ƙaramar hukuma ya fitar da takarda. Wannan ita ce takardar da muke kira indijin. Da aka kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya da dokar soja mai lamba 34 ta 1996, ƙa'idojinta suka ƙara wa ƙaramar hukuma ƙarfi, domin sun ce wanda ta karɓa a matsayin ɗanta shi ma ɗan asali ne. Sun kuma ce matar aure tana nan a kan jihar asalinta, ba ta komawa ta mijinta.

Harkar ilimi ta bi sahu. An kafa JAMB a 1978, aka kuma tsara shiga jami'o'in tarayya a kan kaso: 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Makarantun haɗin kai na tarayya su ma makin shigarsu ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Yawancin hukumomin tallafin karatu na jihohi suna biyan 'yan asali ne kaɗai, jami'o'in jihohi da yawa kuma kuɗin baƙo ya fi na ɗan gida.

A nan ne yaron Sabo yake tafka asara iri biyu. Jihar da yake zaune ba ta lissafa shi a cikin 'ya'yanta. Jihar kakansa kuwa, wadda galibi tana cikin masu kason nan na 20 cikin 100, tana da gurbin da zai iya amfana da shi, amma babu takardar da zai nuna. Gurbi yana can, yaro yana nan, takarda ta raba su.

Kada mu ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. Ɗan Ibo ko Bayaraben da aka haifa a Sabon Garin Kano yana fuskantar irin wannan katanga. Ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2006 a kan yadda ake tauye waɗanda ba 'yan asali ba a jihohi irin su Kano da Kaduna da Filato da Delta, har da batun sukolashif da kuɗin makaranta. A Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙira a 1991, gardamar wanda ya cancanci takardar asali tana cikin abubuwan da suka rura wutar rikice-rikicen da suka ci rayuka.

Lokacin da gwamnati ta bi yaro inda yake

Akwai wuri guda da Nijeriya ta gwada wata hanya dabam. A zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi aka fara shirin ilimin makiyaya, aka kuma kafa hukumarsa da dokar soja mai lamba 41 ta 1989, hedikwatarta a Kaduna. A 1990 aka shigar da 'ya'yan masunta masu ƙaura, daga baya aka haɗa da na manoma masu ƙaura. Aka kafa cibiyoyin bincike a jami'o'in Jos da Maiduguri da Sakkwato da Fatakwal. Aka gwada azuzuwan tafi-da-gidanka waɗanda ake naɗewa a tafi da su, aka yi shirin rediyo mai suna Don Makiyaya a Ruga.

Shirin ya sha fama da ƙarancin kuɗi da na malamai, amma tunanin da ke cikinsa abin lura ne. Abin da ya ba yaro dama shi ne yanayin rayuwar iyayensa, wato suna tafiya da dabbobi ko suna bin ruwa. Ba a tambaye shi ƙauyen kakansa ba. Haka ma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowace gwamnati ta ba kowane yaro karatun shekara tara kyauta, firamare da ƙaramar sakandare, ba tare da ta ware ɗan asali daga baƙo ba. Wannan haƙƙi ne da ya kamata kowane uba a Ama Hausa ta Owerri ko a Lokpanta ya sani.

Sai dai tsohuwar ɗabi'a ba ta mutu ba. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka riƙa loda yara a motoci ana tsallaka iyakoki da su, mafi yawansu babu takardar haihuwa, asalin nasu a bakinsu ko a bakin malaminsu aka ji shi. Ranar da aka tashi rabon nauyi, kowace jiha ta tuna da tambayar nan ta ɗan waye kai. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma ita ma ba za ta iya taimakon yaron da ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Sababbin takardu, sabuwar dama

Tun daga 1992 wasu takardu sun taso waɗanda ke tambayar wane ne yaron, ba wane ne kakansa ba. Ta farko ita ce takardar haihuwa. Dokar soja mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta ce a yi cikin kwana 60. A garin da aka haifi yaro ake yi, a asibiti ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, ba sai an hau mota zuwa Arewa ba. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, wani binciken na 2021 kuma ya nuna 57. A cikinmu, inda mata da yawa ke haihuwa a gida, ranar suna takan wuce babu wanda ya tuna da rajista.

Ta biyu ita ce lambar NIN. An kafa hukumar katin ɗan ƙasa da dokar 2007, kuma tun 2021 babu mai yin rajistar JAMB sai da wannan lamba. Asusun bashin karatu na NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a Mayun 2024, ya dogara ne da NIN da BVN da lambar JAMB da shaidar samun gurbi a makarantar gwamnati. Ta uku ita ce rajistar mazauna. Legas ta kafa hukumar LASRRA a 2011 domin rubuta duk mai zama a jihar, ko daga ina ya fito.

Waɗannan sun rage wahala, amma sun zo da tasu. Kwamfuta ba ta san cewa Abubakar da Garba da Habu mutum ɗaya ne ba. Ba ta san Muhammad na takardar haihuwa shi ne Mohammed na katin makaranta ba. Yaron da malamin firamare ya rubuta masa Kano a matsayin sunan mahaifi, saboda haka ake kiran babansa a kasuwa, zai ga tasku ranar da aka haɗa takardunsa. Ranar haihuwar da aka ƙiyasta a gaban mai buga takardar rantsuwa ta kotu, idan ta saɓa da wadda ke kan NIN, ta isa ta jawo wa ɗalibi asarar shekara guda.

Akwai kuma gidajen da kakanninsu daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa suka zo. Sashe na 25 na tsarin mulki bai ba mutum zama ɗan ƙasa don an haife shi a Nijeriya kawai ba, sai idan ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni ɗan Nijeriya ne. Irin waɗannan gidaje su ne suka fi buƙatar su san tsatsonsu ta wajen uwa da uba, su kuma rubuta shi.

Abin da ya rage a hannunmu

Wasu ƙasashe masu yawan 'yan ci-rani sun warware wannan ƙulli ta wata fuska. A Amurka, tun 1966 akwai shirin tarayya na ilimin 'ya'yan leburorin gona masu bin kaka daga jiha zuwa jiha. Ma'aikaci ne ke zuwa har masaukinsu, ya zauna da iyaye, ya cike takardar cancanta guda: yaushe suka taso, daga ina, wane aiki ya kawo su. Idan ƙaurar ta faru cikin wata 36 da suka wuce saboda aikin gona ko kamun kifi, yaro ya shiga. Tun 2007 kuma akwai rumbun bayanai na ƙasa da ke sa sakamakon yaro ya bi shi duk makarantar da ya koma. A can tafiyar ce shaida, kuma ofis ne ke neman yaro.

A nan gida an yi ta ƙoƙarin gyara. Taron ƙasa na 2014 ya tattauna haƙƙin mazauna. Gwamnatin Kaduna a zamanin Nasir El-Rufa'i ta yi shelar daina bambanta ɗan asali da mazaunin jiha. A 2025 mataimakin kakakin majalisar wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara 10 a jiha damar zama ɗanta, aka yi masa ca, ya janye. Wannan ya nuna gyaran doka ba gobe ba ne, yaron da ke aji shida na sakandare kuma ba zai jira majalisa ba.

To abin da ma'aikacin can yake yi, mu za mu iya yi wa kanmu. Fadar Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin matasa sun san kowane gida. Littafi guda a kowace unguwa zai wadatar: sunan yaro yadda yake a takardar haihuwa, ranar haihuwa, sunan uba da kaka, gari da gunduma da ƙaramar hukumar da garin yake cikinta a yau. A yi wannan tun dattawan da suka san amsa suna raye, domin duk tsohon da aka binne a maƙabartar Agege ya tafi da sunan wani ƙauye a bakinsa.

A yi wa jariri rajista kafin a gama wankan jego. A zaɓi rubutun suna guda a tsaya a kansa daga firamare har jami'a. Idan an tashi daga wani gari a karɓi takardar canjin makaranta da katin sakamako. Takardar asali kuma a neme ta tun yaro yana ƙaramar sakandare, uba ya kai shi da kansa gaban mai unguwa da dagaci, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Wanda mahaifiyarsa 'yar asalin jihar da ake zaune ce ya sani cewa lafazin tsarin mulki ya ambaci ɗaya daga cikin iyaye, bai ce uba kaɗai ba, ko da yake ƙananan hukumomi sun fi bin ɓangaren uba. Kada a bar 'ya'ya mata a baya da tunanin aure zai ba su jihar miji. Kuma a guji takardar da dillali ke kawowa cikin kwana biyu, ko riƙe na jihohi biyu, domin ranar tantancewa yaron ne zai ɗauki hukuncin.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kakanninmu sun bar gida da dalili, sun ciyar da Kudu da nama da albasa da wake, sun ciyar da Arewa da goro. Jikokinsu ba su aikata laifin komai ba da za su rasa tallafin karatu a wuri biyu. Kafin ranar da doka za ta yarda cewa garin da yaro ya tashi shi ma garinsu ne, wajibi ne a kanmu kowane yaro a Sabo ya kasance yana da takardunsa cikakku a hannu kafin a tambaye shi.